Dosiyen Malam

Mayahi, 8 ga Oktoba

Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki malaman lakwal. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe zaune. An gama yankan hatsi, gonar gabas ba ta yi auki ba bana. Yayanki Rabilu ya kira daga Agadas, yana gaishe ki.

Bayan haka. Sau uku kina yi mini maganar ordinatar ɗin mahaifinki, kwamfutarsa, ta waya, sau uku ina ce miki ba na yanke magana ta waya. Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin sakatare a meri, ofishin magajin gari, na ga yadda ake faɗin abu da baki yau a musanta shi gobe. Shi ya sa na rubuta. Ki adana takardar nan.

Ga na'urar na ba Gado direba, a cikin jakarta, na naɗe ta da zane. Ba roƙonki ya sa na ba ki ba. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, shi ya ce don karatu ya saye ta, ni kuwa ba na ƙetare maganarsa don ba ya nan. Kin ce taki ta mutu, kin ce formasiyon da aka kira malaman lissafi don horo ta sati shida ce. To, sati shida ne, ba bakwai ba.

A cikinta akwai dosiye mai suna “Malam”. Maganganu goma sha ɗaya ne da ya ɗauka da muryarsa a watanninsa na ƙarshe, lokacin da hannunsa ya daina riƙe biro. Da ni yake magana, ba da ku ba. Babu su a ko'ina a duniya sai cikin na'urar nan. Duk Juma'a bayan la'asar ina saurarar guda, in na kai ƙarshe in komo farko. Ki san Juma'a shida kika karɓe mini.

Kada ki buɗe shi. Kada ki kwafe shi a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ko a waya ko a wani abu. Abin da miji ya faɗa wa matarsa ba waƙa ba ce da samari ke tura wa juna a tasha.

Ki riƙa rufe kanki da kyau in za ki shiga klas. An ce mini ana ganin gashinki.

Mahaifiyarki,
Zara'u

Tasawa, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina lafiya, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki riƙa ɗora ta bisa matashi in kin zauna. Na'ura ta iso lafiya, na gode, Allah ya saka da alheri.

Inna, akwai abin da nake so in sanar da ke tun kafin in yi. Abin da ake koya mana ba ya aiki da Windows ɗin da ke cikinta. Sai da wani tsari da ake kira Linux, kyauta ne, shi lakwal ɗinmu za ta koma amfani da shi. Ba sai an cire na Baba ba. Ana iya zaunar da su biyu a na'ura guda. Wurin ajiyarta, wato diski, yana da fili da yawa da ba a taɓa ba, sai a ja katanga a tsakiya, na Baba ya zauna a gefensa, nawa a gefe. In an kunna sai ta tambaya wanne ake so.

Na yi wa na'urori huɗu haka a formasiyo, duk lafiya. Amma malaminmu ya ce ba a taɓa diski sai an kwafe abin da ke ciki tukuna, don ko kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ana cikin aiki abu na iya lalacewa. Shi ne nake neman izininki in kwafe dosiyen Baba a kile. Ba sai na buɗe shi ba, wallahi ba zan ji ko kalma guda ba. In na gama sai in aiko miki da kilen, ya zauna a akwatinki. Inna, na'urar nan shekararta tara. Ko ba don ni ba, ya kamata a ce akwai na biyu.

Ɗiyarki,
Barira

Mayahi, 16 ga Oktoba

Barira,

Na ga takardarki. Lafiya muke. Ƙafa tana nan yadda take, ba matashi take jira ba.

Sati guda bai cika ba kin dawo kina neman ƙofar da za ki bi ki karya abin da na gindaya. A'a. Na faɗa, na rubuta, ga shi na sake rubutawa: a'a. Yau kile, gobe ki mance shi a aljihun jaka, jibi wata ƙawarki ta ara ta sa fim, gata in ji muryar mijina tana fita daga shagon mai cajin waya. Na san yadda abubuwa ke yawo.

In kin iya aikin, mi ya kawo tsoro? In ba ki iya ba, mi ya kai ki? Ni da brebe kaɗai, takardar ƙaramar sakandare, na riƙe takardun gari guda, ban taɓa ɓatar da ko shaidar haihuwa ɗaya ba, kuma ban taɓa cewa sai an yi mini na biyu ba. Ku da kuka je jami'a kun fi kowa iya ba da dalili.

Ki yi abin karatunki, tunda kin ce ba ya taɓa na mahaifinki. Ke kika faɗa, ga takardarki a hannuna. Yadda na ba ki ita haka nake son ta dawo.

Mahaifiyarki,
Zara'u

Mayahi, Juma'a 24 ga Nuwamba

Barira,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san kina lafiya. Masu irin halinki ba su cika ciwo ba.

Ran Litinin Gado ya kawo na'ura, da 'yar takardarki mai layi biyu: kin gode, komai na nan, za ki kira ki yi bayani. Kin kira ina wurin gaisuwar rasuwa, ban ɗauka ba, ban kuma ga abin bayani ba a na'urar da na fi ki sani. Ban buɗe ta ba sai yau, don yau ce ranarta. Na yi la'asar, na rufe ƙofa, na zauna inda na saba, na kunna.

Sai baƙin allo da rubutun Ingilishi. Kafin in ɗauko tabarau ya ɓace. Sai ga wani abu ja-ja da ban taɓa gani ba, da sunanki a tsakiya, BARIRA, yana neman lambar sirri. Na kashe na kunna sau bakwai. Sau bakwai sunanki. Ina hotonsa da ke fitowa, yana tsaye kusa da motonsa, babur ɗin nan, a Korgom? Ina dosiyen?

Kin shafe mahaifinki kin rubuta sunanki a wurin.

Ban yi mamaki ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Tun kina ƙarama, aka ara miki abu sai kin sake masa kama. Ranar da ya cika ba ki nan, kina can kina gadin jarrabawar 'ya'yan wasu, kika iso an riga an dawo daga kushewa. Ban taɓa yi miki maganar ba. Yau na yi. Wancan karon aiki ne ya hana ki, wanga karon da hannunki kika binne shi, kuma ni kika bari in tarar.

Na kashe wayata. Ba na son jin muryarki a ranar da aka hana ni jin tasa. Na je na faɗa wa Baffanki Danda abin da kika yi.

Zara'u

Tasawa, 26 ga Nuwamba

Inna,

Ina gaishe ki. Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe. Sau goma sha ɗaya na kira, waya a kashe.

Babu abin da ya ɓace. Baba na nan, hotonsa na nan, dosiyen na nan yadda kika ba ni. Laifina guda ne: na yi niyyar gyara ta yadda za ta riƙa buɗe na Baba da kanta, sai aka ɗauke kuran tun safe, batir ya mutu, Gado kuma yana ta oda a ƙofar gida. Na ce zan yi miki bayani ta waya. Na yi kuskure, ki yafe mini.

Ga yadda za ki yi. Ki sa tabarau tun kafin ki kunna. Baƙin allon nan da kika gani, shi ne tambayar da na ce miki za ta yi. Daƙiƙa goma kawai yake jira, in ba a taɓa komai ba sai ya wuce nawa. Da ya fito, ki danna kibiyar da ke kallon ƙasa sau biyu. Za ki ga haske ya sauka a layi na uku, inda aka rubuta Windows. Sai ki danna babban maɓallin Entrée. Shi ke nan. Za ki ga Baba da motonsa.

In abin ya ƙi, ki rufe ta ki ajiye. Ran Asabar zan zo da kaina, in gyara, in kin so in cire nawa gaba ɗaya a gabanki. Kada ki kai wa masu gyara na kasuwa. Abin da suka sani guda ne, su share diski duka su sa sabo. Na rubuta wannan a bayan ambulan ma, ko da ba ki buɗe da wuri ba.

Maganar ranar rasuwar Baba, ba ni da abin cewa.

Ɗiyarki,
Barira

Mayahi, 30 ga Nuwamba

Barira,

Lafiya muke, alhamdu lillahi.

Ga takardarki nan na maido miki a rufe yadda ta zo. Wanda ya yi laifi irin naki ƙafarsa ake jira, ba ambulan ba. Na san abin da ke ciki ba sai na buɗe ba: dalili, da dalili, da wani dalilin.

Amma na ga abin da kika rubuta a baya da manyan baƙaƙe, har Gado ma ya gani: “Inna kada ki ba kowa ya taɓa ta.” Ni kike ba umarni a bayan ambulan, a hannun direba? Da na karanta sai na gane. Ba ki son wani mai ilimin abin ya duba ya ga ɓarnar da kika yi. Shekara ashirin da biyu ina ganin ma'aikatan da ke cewa kada kowa ya taɓa dosiyensu. Ba a taɓa samun alheri a ciki ba.

Juma'a bakwai na rasa, ban yi niyyar rasa ta takwas ba. Ran Talata na ɗauke ta na kai wa Lamine mai gyaran waya da ordinatar a bakin kasuwa. Mutum mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Yana kunnawa ya ce: “Hajiya, wa ya sa miki wannan? Ai irin na masu satar bayanai ne.” Kin ji. Ya ce in bar masa ita. Na ce ya fitar mini da ƙazantar nan duka, kada ya bar ko ɗigo, ya maido ta yadda na san ta.

Jiya na karɓo. Tana buɗewa garau, babu baƙin allo, babu sunanki. Windows ya dawo. Amma babu hoto, babu dosiye. Na tambaye shi, ya ce abin da ya tarar ke nan, wanda ya fara taɓa ta shi ya san inda ya kai su. To ga shaida ta biyu, daga bakin mai sana'a.

Da ya ga hawayena sai ya tausaya, ya ce ba zai bar ni da na'ura fayau ba. Ya cika mini ita taf da karatun Alƙur'ani da wa'azi da tafsirin azumi na shekaru, har ta ce babu sauran wuri. Bare ya ji tausayina, ɗiyar da na haifa ba ta ji ba.

Kada ki zo ran Asabar. In kin zo ba za a buɗe miki ba. Baffanninki duka sun ji, Rabilu ma na faɗa masa.

Zara'u

Tasawa, 3 ga Disamba

Inna,

Na zo jiya. Na tsaya a ƙofar gida tun hantsi har azahar, ina jin motsinki a tsakar gida. Na koma.

Ga takardar da kika maido, na cire ta daga ambulan na manna ta a jikin wannan, don kada a sake cewa ba a buɗe ba. Ki karanta. Ki duba kwanan watan da ke kanta.

Inna, ranar Talata da safe, lokacin da kika ɗauki na'urar nan kika nufi kasuwa, Baba na ciki. Duka goma sha ɗayan. Kibiya sau biyu ce tsakaninki da shi.

Ba don in yi gardama na rubuto ba. In an share diski, wani lokaci ana iya tono abin da ke ƙasa, in ba a zuba wani abu a kai ba. Kin ce ya cika ta taf. Ban sani ba ko akwai abin da ya rage. Amma ki kashe ta yanzu, kada ki sake kunnawa, ko wa'azin kada ki saurara. Ki ba Gado ya kawo mini, ko ki kai wa wanda kika yarda da shi a Maraɗi in ni ba ki yarda da ni ba. Kowace kunnawa tana rage abin da ya saura.

Rabilu ya kira ni ya zage ni. Ban faɗa masa yadda abin yake ba.

Barira

Mayahi, 17 ga Disamba

Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni na yi kwana huɗu a kwance, na tashi. Matar Baffanki Danda ta haihu, mace, an sa mata Sakina.

Na karanta takardun biyu.

Na koma wurin Lamine. Na zauna, ban karɓi kujerarsa ba, bisa benci na zauna. Na ce ya dubi Allah ya faɗa mini abin da ya gani kafin ya share. Ya yi ta juya sukurdireba a hannu. Can ya ce ya ga diskin a rabe biyu, ya ga gefe guda da kaya a ciki. Na ce mi ya hana ka faɗa? Ya ce: “Hajiya, ke kika ce kada in bar ko ɗigo.”

Na tafi Maraɗi da kaina, ban faɗa wa kowa ba, na ce asibiti za ni saboda ƙafa. Wani mai gyara ya riƙe ta kwana uku. Ya tono hotunan shanu huɗu da rabin takardar rigakafin dabbobi ta lokacin da mahaifinki ke aiki a Korgom. Murya babu. Ya ce wa'azin ya hau kanta.

To kin ji. Na faɗa miki don ba na ƙarya a takarda.

Yanzu ki saurara da kyau. Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Da ba ki roƙi na'urar ba, da tana nan. Da ba ki raba ta biyu ba, da tana nan. Da kin bar Gado ya tafi kin gyara abin da kika ce kin yi niyya, da tana nan. Kin san halina tun kina goye, kin san in raina ya ɓaci ba na buɗe takarda, amma kika sa maganar a cikin ambulan, kika rubuta mini umarni a waje. Kibiya sau biyu, da kin rubuta wannan a bayan ambulan ɗin ai da na gani. Mai ilimi ke da alhakin wanda bai sani ba. Ke ce mai ilimin.

Abin da na faɗa wa baffanninki da Rabilu, yana nan yadda na faɗa. Ba zan bi gida gida ina cewa ni ce na ɗauki muryar mijina na kai kasuwa da ƙafata ba. Ke yarinya ce, za a yi maganarki shekara guda a mance. Ni a nan zan zauna har in mutu, cikin danginsa. Abin da ke cikin takardar nan tsakanina da ke ne. In na ji shi a bakin wani, na san inda ya fito, kuma ba ni ba ke.

Ran ashirin da tara ga wata za a yi addu'ar cikarsa shekara biyu. Ki zo tun ran Alhamis, akwai daka da wanke-wanke. Bayan an shafa fatiha za ki durƙusa gaban Baffa Danda da sauran ki nemi gafarar abin da kika yi wa ɗan'uwansu. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce kin yi kuskure, ki yi shiru. In kin yi haka za a buɗe miki ƙofa kamar da.

Saura magana guda.

Shekaranjiya Juma'a na zauna bayan la'asar na ce bari in maimaita su da ka, tunda na ji kowace ta fi sau takwas. Ta farko ta zo, ta biyu ta zo. Ta tara, wadda ya ɗauka ruwan sama na dukan kwano, na kai inda ya yi tari ya ce “bari in faɗa miki wani abu da ban taɓa faɗa ba”, sai na tsaya. Na san abin da ya ce. Yadda ya jera kalmomin ne ya ɓace mini, kuma in na sa nawa sai in ji ba shi ba ne.

Na hana ki buɗe dosiyen nan. Sati shida yana ɗakinki, ke kaɗai, kuma na san halinki, ban yarda kin bi maganata ba. In kin saurara, ki zauna ki rubuto mini ta tara, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa, ki ba Gado ran Lahadi. Ba zan yafe miki saurarar ba. Amma ki rubuto.

In kuwa da gaske ba ki saurara ba, to ban san abin da biyayyarki ta amfana mini ba.

Mahaifiyarki,
Zara'u